Wa ka son mussa? Tana shagona, kyauta ta amma da sharaɗi

Telan Gawon Nama: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah kada a yi mani dariya, taimako nika nema. Wata mussa ta liƙe ma shagona tun da zahin ga ya hwara, fara ta da baƙi ga kunne guda. Ranar da taz zo waya na ɗaure ga wuyanta irin ta wuta, yara sunka ɗaura mata suna ja har ta ci fata, nis sa almakashi niy yanke ko motsi ba ta yi ba sai ma ta hau goga kai ga hannuna. Tun ran nan ba ta bar wurin ba, ina ɗinki tana kwance ƙarƙashin keke inda siminti ya hi sanyi, kwastoma ya shigo ta tashi ta tarbe shi awa ita ad da shagon. Matsalar dare ce. Shagon kwano na ba taga, in na kulle ta ciki zahi na iya kashe ta, in na bar ta waje ga yara ga karnuka. Gida kuma Inna ta ce a'a, ƙanwata na da asma, Baba na da tantabaru. Wanda ka so ya yi magana, ba sayarwa nika yi ba, amma sai na san inda za ta.

Ɗan Kabu-kabu: Hhhhh maigida wai duk wanga dogon rubutu kan mussa na? Sa ta buhu ka ban, ɗari biyar in kai maka ita kasuwar Kara in zazzage, can ga mahauta ga ɓeraye, ta hi ka cin daɗi ma

Maman Biyu: Haba kai ko, buhu kuma cikin ranar ga ta Sakkwato? Kahin ka kai Kara ai ta sheƙe. Tela turo hotonta mu gani.

Telan Gawon Nama: Ga shi nan Anti, bidiyon na ƙin tahiya saboda netwok. Wancan jan wurin ga wuya shi na ciwon.

Maman Biyu: Wayyo Allah ji idanunta. Wagga ba mussar bola ba ce wallahi, ta gida ce anka yar. Ta bola ko kallonta ka yi ta haura katanga.

Ɗalibar Likitan Dabbobi: Wa alaikumus salam. Anti ta riga ni faɗa. Kyanwar da ta taso a titi ba ta yarda ɗan Adam ya taɓa wuyanta, balle da ciwo. Wannan ta saba da hannu tun tana ƙarama, wataƙila masu ita sun tashi ne ko kuma wani ya yi irin shawarar ɗan kabu-kabu ya kawo ta unguwarku ya zazzage. Kuma abin da mutane ba su ganewa shi ne irin wannan ta fi ta bola shiga haɗari, don ita ba ta gudun mutum, yaro ya kira ta da dutse a hannu za ta je, shi ya sa har aka samu damar ɗaura mata waya. Kai ta Kara ba taimako ba ne, can akwai muzurai masu wurin, za su yi mata dukan tsiya su hana ta abinci.

Yaya Tela tambaya ɗaya da gaggawa, me ka ba ta na ciwon?

Telan Gawon Nama: Ruwan ɗumi da gishiri kaɗan nika wanke mata. Mai kemis na kusa da ni ya ce in ɓara farasitamol in sa mata ga madara amma ban yi ba tukuna

Ɗalibar Likitan Dabbobi: KADA KA YI. Don Allah duk wanda ke gidan nan ya riƙe wannan, farasitamol guba ce ga kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu, ɓarin ƙwaya ɗaya ma na iya kashe ta, za ka ga fuska ta kumbura dasashi ya canza launi numfashi ya gagara. Ruwan gishirin da kake yi ya isa kafin likita ya gani. Madarar ma a rage, yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su. Kuma kada a fesa mata piya-piya ko maganin kaskar karnuka wai don ƙuma, akwai masu sinadarin fametirin a ciki, shi ma kisa yake yi musu.

Ɗan Arkilla: Ni dai ba na son in ɓata muku hira amma a yi hattara. Kakata na cewa mussar da ta kawo kanta gidanka ba ka kira ta ba, kuma ba ta tsoron mutane, to ka bincika. Ba kowace mussa ce mussa ba. Ni ko kyauta da kuɗi a sama ban ɗauka.

Ɗan Kabu-kabu: Yauwa ga wani ya hwaɗi gaskiya. Tela in ka ga ta hwara taka keken ɗinki da dare ka kira mu

Malamin Islamiyya: Salamun alaikum. Ɗan Arkilla Allah shi jiƙan magabata, amma wagga magana ba ta da tushe. Kyanwa dabba ce mai kewaya gidaje, haka Allah ya yi ta. Hadisin Abu Ƙatada na nan cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ya karkata ma kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, sannan ya ce Annabi SAW ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawo a tsakaninku. To wadda anka siffanta da kai da kawo cikin gidajenmu, don ta shigo shago lokacin zahi tana biɗar inuwa mi na na mamaki? Mu ma inuwar muka biɗa. Kuma kowa ya san inda Abu Huraira ya samo alkunyarsa.

Ɗan Arkilla: Allah shi gafarta Malam na ji, ni dai abin da na taso na iske na faɗa. Amma har yanzu ba ni ɗauka.

Maman Biyu: Ba wanda ya ce ka ɗauka ai

Baƙon Kano: Ni abin da ke ba ni mamaki da gurup ɗin nan, jiya an saka maganar mara lafiya da ke neman taimako mutum huɗu ne suka tanka, yau an saka mage kowa ya fito har da Malam. Mutane na kwana da yunwa a garin nan, mudun gero ya gagari talaka, mu kuma muna nan muna shawarar wuyan mage. Wannan ai sai Turawa da suka ƙoshi.

Telan Gawon Nama: Yaya na Kano wallahi ban ɗauki abincin kowa na ba ta ba. Mai suyar kihi na bakin titinmu ka aje mani kai da 'yan guntaye da za shi zubarwa, shi ke nan abincinta. Kuma maganar mara lahiyar nan na tura abin da Allah ya hore, ban dai rubuta nan ba.

Maman Biyu: Ka gani ko. Kullum in anka yi maganar dabba sai wani ya taso da yunwar mutane, kuma in ka bi diddigi ba mutanen ya ciyar ba ba dabbar ba. Ban ce kai ba hwa Baƙon Kano, kahin ka ce na zage ka.

Baƙon Kano: Kin ma faɗa ai Hajiya, sai dai mu ce Allah ya ba da lada

Hajiya Mai Hatsi: Ku bar gardama ni ina so. Ɗana Tela ka kawo mani ita sito, ɓeraye sun ishe ni, buhun gero da na wake duk sun huda, na sa magani na gaji sai dai su mutu cikin lungu wuri ya ɗau wari. Amma ni ba ni saba mata da kihi, in ta ƙoshi ba ta kamu. A kulle ta ciki ta nemi na kanta.

Ɗalibar Likitan Dabbobi: Hajiya da girmanki, wannan ne kuskuren da kusan kowa ke yi. Farauta ɗabi'arta ce, ƙosasshiyar kyanwa ma tana kamu, ta fi mai yunwa ƙarfi da haƙurin fako. Mai yunwa kuwa duk ranar da ta samu ƙofa ta tafi kenan. Na biyu kuma shi ne babba, kin ce kina sa maganin ɓera. Ɓeran da ya ci guba shi ne mai tafiya a hankali, shi za ta fara kamawa, ta ci shi gubar ta shiga jikinta. Wasu magungunan jini suke hana daskarewa, sai dabba ta yi ta zubar jini ta ciki ba a sani ba. In dai akwai magani a siton nan bai kamata ta shiga ba.

Malamin Islamiyya: Hajiya ki yi haƙuri in ƙara da nawa. Hadisin da Bukhari da Muslim sunka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, laihinta kenan, ta tsare ta ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Na san ba nuhinki kenan ba, ke kina ganin ga ɓeraye nan, amma ranar da ɓeran ya ƙare ko ta kasa kamawa kuma ƙohwa na kulle, nauyin na wuyan wanda ya riƙe makulli.

Hajiya Mai Hatsi: Innalillahi, Malam ka tsorata ni. To ni ina zan iya da wanga dogon sharaɗi, yaran shago ko ruwan randa sai na yi ta hwaɗa kahin su cika

Anti Nas: Ni ta wani ɓangaren zan shigo. Tela ka ce ka sa hannu ga wuyanta, ta taɓa cizonka ko yakushi?

Telan Gawon Nama: Ko sau guda Anti. Kyanwar Lami ce ta gaske, ba cizo ba yakushi

Anti Nas: Madalla. Amma duk wanda zai ɗauke ta, musamman mai yara, ya sani cewa ciwon haukan kare ba kare kaɗai ke ɗaukarsa ba, kyanwa ma na ɗauka in mahaukacin kare ya cije ta, kuma ba mu san inda wannan ta kwana ba kafin ta zo shago. In ta ciji wani ko ta yakushe shi har jini ya fito, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ba a tsaya shafa toka ko man birki ba, sannan a tafi asibiti ranar a ji ko ana buƙatar allura. Ita kuma a sa mata ido kwana 10. Ciwon nan in alamunsa suka bayyana ga mutum kusan ba a tashi, amma allura da wuri tana tare shi. Ba tsoratarwa nake ba, a dai yi mata rigakafi kowa ya huta.

Ɗalibar Likitan Dabbobi: Haka ne Anti, daga wata 3 ake fara yi musu. Yaya Tela ka kawo ta asibitin koyarwa na dabbobi na jami'ar Ɗanfodiyo ko asibitin dabbobi na gwamnatin jiha, duk wanda ya fi maka kusa, a duba ciwon a ba ta maganin tsutsa. Amma tsaya, na ƙara buɗe hoton nan. Ɗan ɗaga ta ka duba mani nonuwanta, sun yi ja sun fito? Cikin nan nata bai yi mani kama da na ƙoshi ba.

Telan Gawon Nama: Dakta sun yi ja kam, kuma cikin ya yi hwaɗi ta gehe biyu. Ni na aza kihin na ya karɓe ta

Ɗan Kabu-kabu: Hhhhhh maigida ka yi suruka da jikoki rana guda. Allah shi raya

Ɗalibar Likitan Dabbobi: To da alama ciki ne da ita, likita zai tabbatar. Cikinsu kwana 63 zuwa 65 ne, nonuwan kan yi ja tun wajen sati 3, in har ciki ya fito ana gani to an yi nisa. Wannan ma na iya zama dalilin da ya sa aka yar da ita, mutane na son kyanwa amma da sun ga ciki sai buhu. Yanzu kada kowa ya ba ta wani magani da ka, har na tsutsar da allurar sai abin da likita ya ce. Wanda zai karɓa kuma ya san ba ɗaya zai karɓa ba, sukan haifi 3 zuwa 5, kuma 'ya'yan sai sun yi aƙalla sati 8 suna shan nono kafin a raba su da uwar.

Hajiya Mai Hatsi: A'a to ni na janye, Allah shi haɗa kowa da rabonai.

Baƙon Kano: Da ma na yi niyyar cewa a ba ni saboda ɓerayen kicin ɗinmu, amma biyar kam ina, maigidan haya zai kore ni

Maman Biyu: Au ashe kai ma kana so ka tsaya yi muna wa'azin gero. To ku saurara, na yi magana da Baban Biyu yanzu, ya ce in dai ba ta shiga ɗakinai kuma ba shi ka sayen kihi ba babu ruwanai. Muna Runjin Sambo, gidanmu na kanmu na, akwai ɗakin ajiya da ba kowa ciki yana da taga da raga, ba mu da kaji ba mu sa maganin ɓera saboda yara. Mun taɓa riƙon wata shekara da shekaru har ta tsuhwa ta mutu hannunmu. Abin da ka damuna guda na, ƙanwar maigidan na zaune wurinmu kuma tana da juna biyu, an ce kashin mussa na ɓarar da ciki, gaskiya na ko zancen mata na?

Anti Nas: Akwai ƙamshin gaskiya amma an ƙara gishiri. Akwai wata ƙwayar cuta da kan fito a kashin kyanwa da za ta iya cutar da ɗan tayi in mace ta kamu lokacin goyon ciki. Sai dai ƙwayar ba ta zama mai kamawa sai kashin ya kwana, daga kwana 1 zuwa 5, don haka in ana kwashewa kullum an rage haɗarin sosai. Ita mai cikin kada ta kwashe, wani ya yi ya wanke hannu da sabulu. Kuma ana kamuwa da ita ta naman da bai dahu ba da ganyen da ba a wanke ba, ba sai gidan da ke da kyanwa ba. Shafa bayanta ba ya kawo komai.

Maman Biyu: Alhamdu lillahi, kwasar kashi ni zan yi da kaina. Tela na karɓa in ka yarda.

Telan Gawon Nama: Anti wallahi har na ji sanyi. Amma kada ki ji haushi, ina son in kawo ta da kaina in ga wurin, kuma in wata rana kin gaji don Allah ki kira ni in zo in ɗauka, kada a ba yara su kai ta wani wuri. Sharaɗin kenan.

Maman Biyu: Ba haushi ƙanena, haka ya kamata. Na turo maka kwatance ta akwatin saƙo.

Ɗalibar Likitan Dabbobi: Masha Allah. Ga abin da zan roƙa. A ɗauke ta da sassafe kafin rana ta buɗe, cikin kwali mai ƙarfi da aka huda ko kwando mai murfi, a ɗaure da igiya don ƙarar mashin na firgita su, ta yi tsalle a tsakiyar titi shi ke nan. Yaya Tela ka haɗa da tsumman da take kwanciya a kai, warin da ta sani zai kwantar mata da hankali. Anti ke kuma ki bar ta cikin ɗakin nan a rufe wajen sati 2 ko fiye, kada tausayi ya sa ki buɗe mata tsakar gida da wuri, kyanwa wuri take riƙewa, za ta kama hanyar Gawon Nama ne ta ɓace a tsakani. Ki sa mata tsohuwar roba da yashi a lungu, da kanta za ta gane. Ruwa a kasko ya fi na roba sanyi a zafin nan da ke wuce digiri 40. Abinci kuma tuwo da miya kaɗai ba ya riƙe ta, jikinta nama yake buƙata, in ta daɗe ba ta samu ba ido da zuciya na lalacewa. Kan kifi da aka cire ƙaya, kayan cikin kaji daga wurin masu figa, dafaffen ƙwai, duk a dafa ba albasa ba tafarnuwa don suna lalata musu jini. Yara biyun nan kuma a ja musu kunne, in ta haihu ba ɗaukar jarirai, in an dame ta kwashe su za ta yi ta canza wuri.

Bayan ta yaye kuma ina ba da shawarar a yi mata aikin hana haihuwa, don tana iya ɗaukar wani cikin tun tana shayarwa, a shekara ta haihu sau 2 ko 3, 'ya'yan mata kuma tun suna wata 5 ko 6 sun fara nasu. Nan ne ake komawa maganar buhu.

Ɗan Arkilla: To nan kuma ban yarda ba. Ku da kuka kawo hadisi, cire ma dabba mahaihwa ba canza halittar Allah ba ne? Malam ina kake

Malamin Islamiyya: Ina nan. Wagga mas'ala malamai sun yi saɓani, ba ni cewa kowa ya yi shiru. Cikin Risala an ce babu laihi ga dandaƙar tumaki da awaki saboda gyaran namansu, an kuma hana ta dawaki, ka ga kenan ana duba maslaha da cutarwa. Daga nan wasu malamai na yanzu sunka ce in yawan kyanwoyin zai kai ga a zubar da su su mutu da yunwa, kuma likita zai yi aikin da allurar kashe zahi, to ya halatta, wasu kuma sun ƙi. Ni dai in an ce in zaɓa tsakanin aikin likita da jarirai cikin kwali bakin kwalbati, na san wanda zan zaɓa. Maman Biyu ta tambayi malamin da ta natsu da shi, akwai lokaci tunda ba ta ko haihu ba.

Ɗan Arkilla: Na ji Malam, amma zuciyata ba ta kwanta ba gaskiya.

Admin: Jama'a an gode, maganar aikin a bar ta sai lokacinta ya yi kada mu kwana nan. Tela ka sanar da mu in an kai ta.

Telan Gawon Nama: Salam 'yan gida, an kai amarya. Mun biya asibitin dabbobi tukuna, likita ya tabbatar da cikin, ya wanke wuyan ya ba da na shahwawa, ya ce allurar sai ta yaye. Ta yi kuka cikin kwali tun daga shago har Runjin Sambo mutane na ta kallonmu ga danja. Ɗakin ya yi wallahi, har Anti ta shimfiɗa mata tsohon zane cikin kwando.

Maman Biyu: Ta shige bayan buhunan gawayi ta ƙi hitowa, sai da dare na ji tana cin kihin, da sahe kuma na iske ta yi amfani da yashin. Biyu na nan sun kasa sun tsare bakin taga. Masu son 'ya'ya ku hwara rubuta suna tun yanzu, kuma sharaɗin Tela na nan kan kowa.

Hajiya Mai Hatsi: A sa ni guda biyu, na sa yara sun kwashe maganin duka sun share siton, kihin ma na ji zan saye

Ɗalibar Likitan Dabbobi: Hajiya a duba saman katanga da bayan buhuna ma, nan ake mantawa da shi. Kuma sai sun girma kafin su shiga sito, ɓeran kasuwa ya fi ƙarfin ɗan wata 2.

Ɗan Kabu-kabu: Ni na kai su hwa kuma ban karɓi ko sisi ba, a rubuta wannan ma. In akwai namiji mai baƙin kunne a aje mani, tsohuwata ka so ba ni ba

Maman Biyu: An rubuta, amma tsohuwar taka za ta kira ni da bakinta tukuna.